Cuɗanya ce ke gina ƙwaƙwalwar kifin da ke wanke kifaye?

Sadiya: Jama'a, ku ga wannan ɗan kifin na tekun Ostareliya, Labroides dimidiatus. Aikinsa cinye ƙwarin da ke manne a jikin manyan kifaye. A 2019 Zegni Triki da Redouan Bshary na Jami'ar Neuchâtel sun gano cewa inda irinsa suka yi yawa, sashen gaba na ƙwaƙwalwarsu ya fi girma. Ni dai a ganina magana ta ƙare, zama cikin jama'a ne ke gina ƙwaƙwalwa.

Malam Habu: A'a, Sadiya, ba ta ƙare ba. Sun ga abubuwa biyu tare, ba su nuna wanne ya haifi wanne ba. Wataƙila masu babbar ƙwaƙwalwar ne kaɗai ke iya jure gasa, sauran su mutu ko su ƙaura.

Sadiya: To Malam, dubi halinsa mana. Ya fi son yauƙin fatar kifin da ya zo wanki a kan ƙwarin, amma idan wani kifi na kallo sai ya rage cizo don kada ya kori mai jira. Kuma yana fara yi wa baƙo hidima kafin na gida, don baƙo zai iya tafiya wajen wani. A wani gwaji da aka yi a 2012 na irin wannan zaɓi har ya fi birai saurin ganewa.

Nura: Yaya Sadiya, duk da wannan wayon, ƙwaƙwalwarsa gaba ɗaya ba ta fi ta danginsa girma ba. Wannan fa?

Sadiya: Shi ya sa na ce sashen gaba, ƙanena.

Malam Habu: Abin da ya fi jan hankalina shi ne Tsibirin Lizard na Ostareliya. Bayan guguwowin 2014 da 2015 da ɗumamar ruwa ta 2016, yawan kifayen nan masu wanki ya ragu ƙwarai, waɗanda suka rage kuma suka daina fifita baƙo. Da masu wanki suka yi ƙaranci, baƙon ba shi da inda zai je, dole ya jira. Ashe kasuwa ce dabarar take bi.

Sadiya: Hujjata ke nan! Wani bincike na 2020 ya nuna masu babban sashen gaba su ne ke bin dabarar da ta dace da inda suke.

Malam Habu: Na yarda akwai alaƙa. Amma sai an raini ƙananansu, wasu cikin cunkoso wasu su kaɗai, an auna ƙwaƙwalwarsu, kafin in ce cuɗanyar ce ta gina ta.