Shawarwarin masu haɗa sulken kwaikwayo da firintar 3D da zubi

Abin da masana suka fi nanatawa shi ne awo. A auna kai, ƙirji da damtse da tef, a ƙara santimita biyu zuwa uku saboda soso da rigar ciki. Kafin a buga kwalkwali gaba ɗaya, a fara buga zoben bakinsa kawai a gwada. Idan kai bai shiga ba, an tsira da robar kwana biyu.

Wajen roba ra'ayi ya rabu. PLA ta fi sauƙin bugawa, amma tana laushi a kusan digiri 60 na ma'aunin Celsius, don haka sulken da aka bari cikin mota da rana zai lanƙwashe. PETG ta fi jure zafi, sai dai gogarta akwai wahala. A saitin firinta, bango uku (layukan roba na waje) da cikon ciki na kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari sun isa. Gutsattsarin sulken da aka buga daban-daban kuwa a haɗa su da gam mai ƙarfi, a narkar da gaɓar ta ciki da ƙarfen soda.

Zubi na sassan da ake buƙata da yawa ne, kamar faifan kafaɗa. Nan ake yawan yin asara. Silikon, robar da ake yin mazubi da ita, na kwafe komai, har layukan bugu, saboda haka sai an goge sashen da aka buga da samfefa daga lamba 120 zuwa 400 tukuna. Silikon mai platinum ba ya daskarewa a kan yumɓu mai farar wuta, sai ya tsaya yana danƙo. Rezin na polyurethane, ruwan robar da ake zubawa cikin mazubin, kuma ba ya shiri da danshi: kumfa yake yi. A zuba shi kaɗan-kaɗan ana jujjuya mazubin, sau uku ko huɗu, har kauri ya kai milimita uku, da takunkumi a wuri mai iska.