Iyaye sun ƙi cike gurbin lalura a fom ɗin rajista

Assalamu alaikum. Ni ke kula da rajistar ɗalibai a wata firamare da ke Gwale. Mun raba fom domin gano marayu da masu buƙata ta musamman don a tallafa musu, amma gurbin lalura babu komai yake dawowa, har daga gidan yarinyar da ba ta ganin rubutu sai an zaunar da ita dab da allo. Mun yi bayani a taron iyaye, mun bi ta hannun mai unguwa, duk a banza; tsoronsu kada a riƙa nuna 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu ba.

Tunda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanadi neman amincewar iyaye, shin ya halatta malami ya cike gurbin da abin da ya gani da idonsa?