Mashin ba ya tashi da sanyin safiya, kuma kuloci ya ƙi saki bayan na canza faifai

Assalamu alaikum. Don Allah bakanikai da masu sanin mashin, ku taimaka mini, abin ya ɗaure mini kai.

Tun da hunturu ya kama a nan Zariya, mashin ɗina mai 100cc ba ya tashi da asuba sai na buga kik kusan sau ashirin. In na ja cok (abin da ake ja don taimaka wa inji ya tashi da sanyi) zai kama, ya ɗan yi ƙara, ina sakin cok ɗin ya mutu. Amma da inji ya ɗauki zafi, bugu ɗaya yake tashi har dare. Na sa sabon fulogi, wuta na fita shuɗiya tas, na wanke filtar iska wadda ƙura ta cika, ba abin da ya canza. Ƙaramin jet ɗin kafireta ne ya toshe, ko bawul ne ya matse?

Matsala ta biyu ta fi damuna, don da mashin ɗin nan nake ciyar da gida. Kuloci yana sulɓi a hawan tudu, sai na sauke baƙin mai, na buɗe murfin dama na canza faifan da kaina. Na jiƙa su a mai kwana guda, na jera su yadda na ciro tsofaffin, na ɗaure sifirin huɗun da ke danne su da kaɗan-kaɗan. Yanzu ko na matse hannun kuloci har ƙarshe, ina sa giya ɗaya sai ya zabura ya mutu. Na ja wayar kulocin har iyakarta. Akwai saitin da na tsallake, ko sai na sake buɗewa?