Kududdufin bayan layinmu ya cika: yaya za mu tsare yara ba tare da mun kulle su ba?

Uban Yara Huɗu, Katsina

Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a wata unguwa da ke wajen Ƙofar Marusa, kuma a bayan layinmu akwai wani tsohon kududdufi wanda dattawa ke cewa daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina yawancin gidajen unguwar. Da rani ba ya damun kowa, domin ƙafewa yake yi har yara su riƙa buga ƙwallo a cikinsa, amma tun da ruwan Yuli ya sauka ya cika ya batse, har bakinsa ya zo daf da hanyar da yara ke bi zuwa makarantar allo.

Ranar Alhamis da ta wuce, da yake babu karatu, ɗana mai shekara 4 ya bi yayarsa mai shekara 9 waje. Silifas ɗinsa ya faɗa ruwa, ya miƙa hannu zai ɗauko, taɓo ya zame da shi. Allah Ya kawo wani ɗan garuwa da ke wucewa ya fizgo shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yayar tana nan kusa, tazararsu ba ta kai taku goma ba, tana carafke da ƙawayenta, kuma ta rantse ba ta ji ko motsi ba.

Mahaifiyarsu ta ce ba mai ƙara leƙa waje sai ruwa ya janye. Ni kuwa na san gida mai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida ba zai riƙe yara huɗu har zuwa kaka ba. Shin mu haɗa kuɗi mu cike kududdufin ne, ko akwai wata dabara? Sannan da aka fito da yaron, mutane sun ɗaga shi ƙafa a sama suna danna masa ciki domin ruwa ya fita. Hakan daidai ne?

Ma'aikaciyar Jinya, Katsina

Wa alaikumus salam. Malam, barka da arziki, Allah Ya ƙara tsarewa. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ce ta fi kusa da aikina.

Ɗaga yaro ƙafa a sama da danna masa ciki ba daidai ba ne, ko da yake kusan kowa haka ya taso ya ga ana yi. Abin da ke kashe wanda ya nutse shi ne rashin iska, ba ruwan da ya sha ba, kuma ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan iska ta yanke mata. Danna ciki yana ɓata waɗannan mintuna, kuma yana iya taso da amai ya koma hanyar numfashi. Idan an fito da yaro, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, a duba ko ƙirjinsa na motsi. Idan yana numfashi, a juya shi ya kwanta ta gefe, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Idan ba ya numfashi, a toshe masa hanci a hura masa iska a baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 da sauri, a hura sau 2, a ci gaba a haka ba tsayawa yayin da wani ke neman abin hawa. Ga ƙaramin yaro tafin hannu ɗaya ya isa. Karanta wannan ba ya maye gurbin koyo da hannu, saboda haka ina ba da shawara unguwarku ta gayyaci ma'aikacin lafiya ko 'yan agajin Red Cross su nuna muku a aikace.

Ina fatan kun kai yaron asibiti. Ruwan da ya shiga huhu kan iya tayar da matsala sa'o'i bayan yaro ya miƙe yana wasa, kuma tari mai naci, numfashi sama-sama, zazzaɓi ko yawan barci alamu ne da ba a jira da su.

Game da yayarsa, don Allah kada a tsangwame ta, gaskiya ta faɗa. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, domin duk lokacin da bakinsa ya ɗago sama numfashi yake nema, babu sauran iskar yin kira. Babba ma yana iya zama a bakin ruwa bai lura ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka rasu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A wannan shekarun ba sai an je kududdufi ba: bokitin wanki, baho, randa da rijiyar da ba ta da murfi duk sun isa, domin kan ƙaramin yaro yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da jikinsa, idan ya kifa ba ya iya ɗagowa.

Tsohon Magini, Ƙofar Guga

Ɗana, barka da arziki. Jikana ne yake rubuta mini wannan, ni nake faɗa masa.

Na shafe shekaru ina gini da tubali da jar ƙasa kafin bulo ya zo ya karɓe mana sana'a, saboda haka na san kududdufi tun yana rami. Ina roƙonku kada ku yi gaggawar cike shi. Kududdufi shi ne makwancin ruwan unguwa: duk ruwan da ya zubo daga indararo ya bi lungu, can yake tafiya. Na ga unguwannin da aka cike nasu aka yanka filaye aka sayar, da damina ta dawo sai ruwan ya nemi tsohon gidansa, bai same shi ba, ya shiga ɗakunan mutane ya jiƙa gindin katanga har ta zube. Katangar ƙasa da ta sha ruwa ita ma tana kashe yara, kuma cikin dare take faɗuwa. Idan za a cike, sai an fara haƙa magudanar da za ta fitar da ruwan, wannan kuwa aikin hukuma ne, ba na tifa biyu da kuka haɗa kuɗi kuka saya ba. Mafi muni shi ne a cike rabi da shara da ɓaraguzai, domin sama za ta yi kamar ƙasa, ƙasa kuwa ruwa ne da kwalabe da tsoffin ƙarafa.

Ka kuma sani cewa ramin gini ba kamar gulbi yake ba, ba ya gangarawa sannu a hankali. Mu da muka haƙa, inda ƙasa ta yi kyau nan muke nutsawa, sai ka tarar nan ruwa iya gwiwa, taku ɗaya gaba kuma ya shanye namiji tsaye. Shi ya sa ko wanda ya iya iyo yake halaka a ciki, ƙafa ta kafe a laka.

Abin da muke yi a da shi ne shinge. Ku je wurin mai unguwa a kira gayya, a kafa dirkoki a gefen da ke kallon gidaje da hanya, a ɗaura darni ko a jera ƙaya, a bar ƙofa ɗaya domin masu shayar da dabbobi. In da hali a sa waya. Sai dai shinge yana son mai duba shi, domin awaki da masu neman kara na hura wuta ba sa barinsa ya kwana lafiya.

Malamar Firamare, Daura

Gaisuwa ga Baba da Hajiya ma'aikaciyar jinya, na ƙaru da bayanansu. Ni ma ina goyon bayan shinge, sai dai ina ganin akwai maganar da muke kauce mata, ita ce reno. Mun saba ɗora wa yarinya 'yar shekara 8 ko 9 ƙanenta a baya mu ce ta kula da shi, mu kuma mu shiga girki da wanki da sana'a. Ita ma yarinya ce, hankalinta na kan wasa, kuma in wani abu ya faru ita za ta girma da ciwon abin a zuciya. Ba ina zargin iyaye mata ba ne, domin ni ma uwa ce kuma na san yadda safiya take a gidan da babu mai taimako.

A ƙasar Bangaladash, inda ruwa ya kewaye ƙauyuka, an gwada tara ƙananan yara a wurin mace guda da aka horar, daga safe zuwa azahar, wato lokacin da iyaye suka fi shiga hidima, kuma an ga nutsewar yara ta ragu ƙwarai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin shawarwarinta. Mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A layinmu gida biyar muka haɗu muna karɓa-karɓa: kowace rana ƙananan yara suna gidan mace ɗaya, an juye bokitai, an rufe rijiya da murfin ƙarfe da kwaɗo, an sa sakata a sama inda hannunsu ba ya kai. Ba kullum abin ke tafiya daidai ba, ranar biki ko rasuwa tsarin kan watse, kuma a irin ranakun nan ne na fi jin tsoro, domin kowa yana zaton yaron yana hannun wani.

Manyan yara kuwa, musamman maza, shinge ba ya tsayar da su, tsallakewa suke yi. A ajina nakan gaya musu abu biyu. Na farko, in abokinka ya faɗa ruwa kada ka bi shi, domin mai nutsewa yana riƙe duk abin da hannunsa ya kai, sai a rasa biyu maimakon ɗaya. Ka yi kururuwa, ka kwanta rub da ciki ka miƙa masa sanda ko rawani, ko ka jefa masa jarkar da babu komai ciki an rufe bakinta. Na biyu, ina yi musu bayanin tsargiya. Ƙwayar cutar tana zama a jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu, tana shiga ta fata yayin wanka, bayan wani lokaci yaro ya fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan alamar girma ce ga ɗa namiji, alhali cuta ce da ke cin mafitsara da jini, kuma tana da magani a asibiti. Na lura wannan bayanin ya fi bulala tasiri a kansu.

Ɗan Kasuwa, Ƙofar Ƙaura

Malama ta yi gaskiya, amma ina da ja a wuri ɗaya. Mu da muka taso a ƙauye a rafi muka koyi iyo, kuma iyon nan ya ceci wasunmu. Hana yaro ruwa gaba ɗaya yana nufin ranar da ya faɗa ba shi da dabara ko ɗaya. Ina ganin a nemi hanyar koya musu, ba hani kaɗai ba.

Ma'aikaciyar Jinya, Katsina

Alhaji, koyon iyo yana da amfani, kuma ana ba da shawarar a fara shi daga shekara 6, amma a ruwa mai tsafta wanda aka san zurfinsa, tare da babban da ya iya ceto yana tsaye a kai. Kududdufin da Baba ya kwatanta bai cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ba. Yaro mai shekara 4 kuma, ko ya iya motsa hannu a ruwa, idon babba da shinge ne kawai kariyarsa.

Uban Yara Huɗu, Katsina

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, ban kai shi asibiti a ranar ba domin na ga ya warware, amma bayan na karanta bayaninki na kai shi jiya, an duba ƙirjinsa an ce lafiya. Na kuma zaunar da yayarsa na ba ta haƙuri, domin na yi mata faɗa mai zafi ranar.

Baba, na kai maganarku ga mai unguwa bayan sallar Isha'i, kuma ya amince a yi gayya ranar Asabar. Mun auna gefen da ke kallon hanya da igiya, ya kai taku 70, kuma wani maƙwabci ya yi alkawarin dirkoki. Matsalar da ta taso ita ce mai gidan da ke ƙarshen layi ya ce bakin kududdufin filinsa ne, ba zai yarda a kafa komai a kai ba sai an rubuta cewa shingen ba iyaka ba ne. Mai unguwa ya ce zai rubuta a sa hannu gaban shaidu. Malama, mahaifiyar yaran tana tambaya: a tsarinku na karɓa-karɓa, kowace uwa ce ke aiko wa ɗanta abinci, ko mai masaukin ranar ce ke ciyar da su duka?