Wa ya nutsar da jirgin jiya, kyaftin ko Gyaɗa?

Kyaftin Ɗanladi: Salamu alaikum jama'a. Kafin mu shiga Barotrauma, wasan kwamfutar nan da muke tuƙa jirgin ƙarƙashin ruwa tare, yau da dare ina so mu yanke magana ɗaya. Ni dai ra'ayina a daina kiwon dabba a jirginmu. Kun ga abin da ya faru jiya: dodannin ruwa sun fasa bangon ɗakin inji, ina ta kiran makanike, ashe tana can ƙasa tana wasa da wata halitta da ta raɗa wa suna Gyaɗa. Kafin ta ɗauko na'urar walda ruwa ya kai wuya, famfo ya tsaya, muka tafi ƙasa kamar dutse. Awa biyu na aiki da datar da na saya duk sun bi ruwa. Jirgin yaƙi ne wannan a ƙarƙashin ƙanƙarar Yurofa, watan duniyar Jupiter, ba turken awaki ba.

Makanike Bilki: Wa alaikumus salam. Yaya Ɗanladi, a faɗi gaskiya mana. Wa ya tuƙa mu cikin ramin nan alhali na'urar sona, mai gano abin da ke cikin ruwa da sauti, tana nuna ɗigo-ɗigo sun fi goma a gabanmu? Daƙiƙa nawa na yi wajen Gyaɗa? Abinci na ajiye mata, na shafa ta sau ɗaya, shi ke nan. Ko da walda a hannuna nake kwana, ɓaraka uku a lokaci guda ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Likita Sabo: Ni ina bayan Bilki, amma ba don tausayi ba. Mutanen Finlan da suka ƙera wasan nan, FakeFish da Undertow Games, ba ado suka sa dabbobin su zama ba. Kowace tana da ma'aunin yunwa da na jin daɗi, kuma idan ta ƙoshi ranta ya yi fari tana fitar da abu. Peanut irin ta Bilki tana ba da dunƙulen majina, kwaɗon nan Psilotoad yana ba da dafin da ke sa mutum ganin abin da babu. Wato jari ne, kamar kazar da ke maka ƙwai a bayan ɗaki.

Kyaftin Ɗanladi: Likita, ka manta abu na uku da suke fitarwa: kashi. Wa ke bi yana kwashewa? Ranar nan na shiga ɗakin sarrafa jirgi na tarar da shi a ƙofa. Kuma wannan ƙwan da kuke saya, da kuɗin jirgi ne, kuɗin da ya kamata ya tafi kan sandar man riyakta, injin da ke ba jirgi wuta, da harsashin bindiga.

Injiniya Mamman: To ni a nan nake tare da kyaftin, rabi. Wasan yana ɗaukar mutum har 16, mu kuwa mu biyar ne, ranar da aka ɗauke wa Sabo wuta mu huɗu. Ina kan riyakta ina lura kada ya yi zafi ya kama da wuta, akwatunan lantarki suna lalacewa ɗaya bayan ɗaya, tankunan da ke sa mu nutse ko mu taso suna bukatar ido. A irin wannan jirgin duk hannun da ya bar aiki ana jin rashinsa nan take. Da mun kai goma ko ba ruwana, a ba mataimaki kiwon, dama shi ba shi da wani takamaiman aiki.

Makanike Bilki: Malam Mamman, kai da ka ɓata tafiya guda kana busa ƙahon ɗan kama a cikin rediyo?

Injiniya Mamman: Wannan a tasha ne, jirgi na ɗaure. Kar ki haɗa.

Baba Audu Mai Tsaro: Ku bari tsoho ya sa baki. Ni na riƙe Tamagotchi a hannuna, ɗan abin nan mai kamar ƙwai da kamfanin Bandai na Japan ya fitar a 1996. Maɓalli uku ne kawai a jikinsa. Ya yi ƙara ka ba shi abinci, ya yi kashi ka share, ka manta da shi ka dawo ka tarar ya mutu. Babu ko sisi da yake kawo maka, amma yara har cikin aji suke ɓoye shi a aljihu. Saboda haka lissafin riba da Likita ya kawo bai kama ni ba, kuma na san ba shi ne ya sa Bilki take sauka ƙasa ba. Tun 2019 da wasan nan ya fara fita nake cikinsa, kafin ma a kammala shi a 2023, kuma abin da na lura shi ne duhun nan yana cin mutum. Ba rana, ba sama, sai ƙarar sona da ƙarfe yana kuka saboda nauyin ruwa. Ka dawo daga waje cikin rigar nutso, iskarka saura kaɗan, ka buɗe ƙofa ka ga wani ɗan abu yana tsalle yana jiranka. Wannan ne ake ciyarwa.

Kyaftin Ɗanladi: Baba, da girmanka, in don kewa ce a koma wasan Subnautica. Can akwai ɗan kifin nan Cuddlefish, ka ƙyanƙyashe shi ya riƙa binka kuna wasa, kuma ba ya mutuwa don ka manta ba shi abinci. Ba wanda zai nutse saboda shi, tunda kai kaɗai kake wasanka.

Baba Audu Mai Tsaro: Ai shi ya sa bai taɓa shiga raina ba. Dabbar da ba ta jin yunwa ai 'yar tsana ce. Ka tambayi duk wanda ya yi kiwon ragon layya wata shida, yana tashi da asuba yana dama masa dusa.

Likita Sabo: Baba, ragon nan fa ƙarshensa wuƙa.

Baba Audu Mai Tsaro: Kai dai ka ji da allurarka. Jiya wa ya ɗura wa kyaftin mofin har numfashinsa ya nemi ɗaukewa?

Makanike Bilki: Yawwa Baba, a tono duka! Ni ga abin da zan iya: ba zan ƙara sauka wajenta ba sai muna tasha, ko kuma in kyaftin da bakinsa ya ce hanya lafiya. Zan rufe ta a ɗakin kaya, kashinta kuma ni zan kwashe. Amma Gyaɗa ba ta fita daga jirgin nan. In ta fita, ku nemi wani makaniken.

Kyaftin Ɗanladi: Abincinta fa, daga aljihun wa?

Makanike Bilki: Daga kasona.

Kyaftin Ɗanladi: To a rubuta, Mamman kai ne shaida. Ban janye maganata ba, ina nan a kan cewa ɓata lokaci ne. Ƙarfe tara bayan isha'i, kowa ya cika tankin iskarsa kafin mu tashi.

Injiniya Mamman: Na rubuta. Sai dai akwai ƙwan dodon ruwan nan Mudraptor guda a cikin akwatin ɗakin kyaftin tun tashar da ta wuce, ban san ko na wane ne ba.