Tafiyar babur a duwatsun Maroko cikin Maris: wa ya taɓa tuƙi inda ake ƙanƙara?

Ɗan Kabi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Abokan da muke fita da manyan babura sun shirya tafiya Maroko a farkon Maris, mu takwas. Jirgi za mu bi zuwa Kasablanka, mu wuce Marrakesh, a can za mu yi hayar babura. Tsarin shi ne mu hau duwatsun Atlas ta mashigar dutse ta Tizi n'Tichka mu sauka Warzazat, mu zagaya Tarudant, mu dawo ta wata mashigar, Tizi n'Test. Wanda ya haɗa tafiyar ya turo hotunan duwatsun fari fat da dusar ƙanƙara, kowa na ta murna, ni kuwa gabana ne ya faɗi.

Ni tuƙina na gida ne: Birnin Kebbi zuwa Yawuri, Argungu, Sakkwato, a da can har Dosso ta Kamba. Na san rami, na san yashi, na san shanu su faɗo titi ba sallama. Sanyin da na sani bai wuce na asubar hunturu a fadama ba, kuma a Maris ma zufa muke sharcewa a nan. To me zan saka? Babur na iya taka ƙanƙara kuwa? Ko in ba su haƙuri tun yanzu?

Na Argungu:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kada ka fasa, amma ka saurare ni, don a Fas, can Maroko, na yi karatu kuma na bi hanyar nan da babur.

Dusar da ka gani a hoto ba ita za ta kayar da kai ba. Yawancinta a kan kololuwa take, irin su Tubkal mai tsayin mita 4,167, kana hango ta daga nesa. In ta zuba da yawa a kan titi, hukuma na da shingen da take rufe hanya da shi har motocin share ta su gama aiki, sai ku zauna ku sha shayi ku jira. Abin tsoro shi ne wadda ta narke da rana, ruwan ya gangaro ya ratsa kwalta, dare ya yi ya daskare. Da safe za ka ga wurin kamar jiƙa ce kawai, alhali sulɓi ne zalla. Ya fi yawa a kwanar da dutse ya yi wa inuwa da kuma kan gada. In ka hango wuri mai sheƙi, ka rage gudu tun kafin ka isa, ka miƙe babur, ka wuce ba birki ba ƙarin wuta. Wanda ya damƙi birkin gaba a kai, sai dai a ɗaga shi.

Don haka ku manta da sammakon da muka saba. A gida ana fita bayan asuba don gudun rana, a can kuwa ranar ake jira. Ku bari sai wajen goma na safe, kuma ku tabbata kun sauko daga dutse kafin magariba. Daga Marrakesh zuwa Warzazat kusan kilomita 200 ne kawai, amma kwana ce bayan kwana, ga manyan motoci da bas-bas, kada ka yi masa lissafin Birnin Kebbi zuwa Sakkwato.

Sanyi kuma da tsayi yake tafiya. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kamar digiri 6. Marrakesh ba ta kai mita 500 ba, allon da ke saman Tichka kuwa 2,260 aka rubuta. Ka ga za ka bar gari kana jin daɗi, ka isa sama haƙora na kaɗawa, ga iskar gudu a kai. Riga ɗaya mai kauri ba ta yi. Ka sa ta ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba, don auduga na riƙe gumi ta sanyaya ka, sai suwaita, sai jaket mai tare iska da ruwa. Amma inda zan ce ka kashe kuɗi shi ne safar hannu. Yatsu in sun sandare ba ka jin kulocin, ba ka jin birki. Ka sayi ta a can, tamu ta kasuwa ado ce kawai.

Tizi n'Test ta fi ƙunci da ban tsoro, kuma yankin ne girgizar ƙasar Satumban 2023 ta fi yi wa ɓarna. Ku tambayi masu ba ku hayar halin da hanyar take ciki a makon, in sun ce a'a, ku koma ta inda kuka zo.

Bakaniken Gusau:

Ranka ya daɗe, ni ban je ba, amma ga na bakin gareji. Kada ka karɓi mai kabureta in akwai mai injekta, domin iska na ƙaranci a sama, mai kabureta zai riƙa shan mai yana kasala. Ka ce a ba ka mai ABS, wato birkin da ba ya kulle taya, ko da yake shi ma ba ya maganin sulɓi. Ka duba zanen taya da idonka, ka auna iskarta kowace safiya saboda sanyi na rage ta. Batir mai rauni ma da safen yake tona asiri. A gangara ka sa ƙaramar giya inji ya riƙe ka, kada ka kwanta a kan birki har ya yi zafi.

Baba Alhaji Jega:

Yaro, duk abin da suka faɗa daidai ne, amma ni ba dutsen nake jiye muku ba, ku nake ji. Na san samarinmu in an haɗu takwas, kowa so yake a ce shi ne gwani. Ku sa wanda ya san hanya a gaba, mafi natsuwa a baya, ku sabbin a tsakiya. A kwana ku shiga layi ɗaya da tazara mai yawa. In na gabanka ya ɓace maka, kada ka bi shi da gudu, ku yi alkawari tun a masauki cewa za a jira juna a kowace mararraba. Kuma wanda sanyi ya kama ya faɗa, ba abin kunya ba ne. Mutum in jikinsa ya yi sanyi sosai hankalinsa ke fara raguwa, shi kuma bai sani ba.

Ka duba kalanda ma, kada tafiyar ta faɗa cikin azumi. Matafiyi na da rangwame, amma masu abinci da yawa a ƙauyukan ba sa buɗewa da rana.

Na Argungu:

Baba ya yi gaskiya. Na manta da gilashin hular kwano: numfashinka zai riƙa rufe shi da tururi. Ka nemi mai gilashi biyu, ko ka ɗan ɗaga shi kaɗan in kuna tafiya a hankali. Alwala kuma ka roƙi ruwan ɗumi a wurin masu shayi, ba sa hanawa.

Ɗan Kabi:

Allah ya saka da alheri, Baba na gode. Na tura wa sauran duk bayanan nan. Har biyu sun fara gardama a kan fitar ƙarfe goma, wai ɓata rana ne, na ce su zo nan su yi da Na Argungu. Malam bakanike, saura tambaya ɗaya: ni gajere ne, baburan da suka turo mana kuwa duk dogaye ne irin na jeji. Ana iya rage tsayin kujerar, ko in nemi ƙarami kawai?