Shawarwari ga masu adawa da gina rukunin gidaje a filayen kewayen gari a Ingila

Masu bin harkar tsara gari sun tattauna kan yadda mazauna za su ƙalubalanci manyan gine-gine a filayen da aka hana ginawa don kada birane su yi ta faɗaɗa. Ga abin da suka fi jaddadawa.

A shiga tun lokacin da ƙaramar hukuma ke rubuta tsarin gari. A nan ake cire fili daga kariya, kuma idan an ware shi don gidaje, jayayya daga baya da wuya ta yi tasiri. In kamfani ya nemi izinin gini, yawanci kwana 21 ake bayarwa a rubuta ƙorafi. Kowa ya rubuta nasa, domin takarda mai sa hannun mutum dubu sau da yawa ƙorafi ɗaya ake lissafa ta.

Hujjar da kwamitin ƙaramar hukuma mai ba da izinin gini ke saurara ita ce cunkoson hanya, ambaliya, magudanar ruwa, ƙarancin gurbin makaranta da asibiti, da namun daji. Faɗuwar darajar gidanka ba ta shiga lissafi, komai zafinta. A haɗa da hotuna da ƙidayar motoci.

Tun Disamba 2024 gwamnati ta sassauta ƙa'idojin gini a ɓangarorin waɗannan filaye da ba sa hana faɗaɗar gari sosai, musamman inda ƙaramar hukuma ta kasa nuna cewa tana da filin da zai isa gina gidajen da ake buƙata cikin shekara 5 masu zuwa. Idan an ƙi ba da izini, kamfani na iya ɗaukaka ƙara. Idan an amince, mazauna ba su da wannan dama sai Babbar Kotu, cikin mako 6, kuma kan kuskuren doka kawai.